Idon da Ke Saman Ƙofa

Kyamarar da ke saman ƙofar nan
ta mutu tun damunar bara.
Na sani, don ni na riƙe wa mai gyara tsani,
ya hau, ya leƙa, ya ce sai an sayo waya daga Alaba.
Ba a sayo ba.
Amma har gobe, in hamma ta zo mini,
sai na juya mata ƙeya.

Morenike, autar gidan, ita ta kama ni.
Falsafa take karantawa a Akoka,
Hausarta ta Sabon Garin Kano ce, gadon kaka,
tana jan magana kamar mai jan guga.
Ta ce, "Baba Lawandi, wani Bature ya yi tunaninka
tun ba a haife ka ba.
Ya ce a gina kurkuku da hasumiya a tsakiya,
kada fursuna ya san ko da mutum a ciki.
Kwana kaɗan, kowa zai zama gandiroban kansa."
Na ce, to ni wane ne a nan,
na hasumiya ko na ɗaki?
Ta yi dariya, ta shige da mota.
Na rufe.

Wani dare janareta ya ƙi tashi,
ta fito shan iska da littafin da bangonsa ya yage.
Ta ce wani kuma ya ce
ma'aikaci yakan zama baƙo ga abin da hannunsa ya yi.
Wannan ban nemi fassara ba.
Shekara uku ina ɗaukar kankare a kai
a benen gilashin nan na bakin teku,
hawa goma sha tara, gwiwata ta haddace matakalarsa.
Ran da na kai ɗana Sallau ya gani,
maigadi ya tare mu tun daga titi.
Ɗan Gwadabawa ne. Da Hausa ya kore mu,
har da "don Allah".

Ta ce akwai mai cewa zamani ya narke,
aiki ruwa, zumunci ruwa,
ba abin da ke zama a tafin hannu.
Na ce, wannan ya taɓa kwana a Ikko?
Nan ruwa ake binnewa da yashi
a yanka shi fuloti-fuloti,
kuma duk Yuli yakan dawo neman gidansa,
ya shigo ɗakina ba sallama,
ya tafi da takalmina ƙafa ɗaya.

Ban raina su ba, mutanen sun yi tunani.
Sai dai a zaune suka gano
abin da muka gano a tsaye.
Mu muka yi naƙuda,
su suka raɗa wa yaron suna.

Na tambaye ta ko a cikinsu akwai wanda ya faɗi
abin da mutum zai yi da ƙarfe ukun dare,
in ya gama gane komai,
sauro kuwa bai gane ba,
albashi da sauran kwana tara.
Ta buɗa shafi, ta rufe shafi,
ta ce sai zango mai zuwa.

Jiya na jingina tsanin, na hau da kaina.
Zanzaro ya yi gini a gefen idon,
gizo-gizo ya yi masa labule.
Na share da hannun riga,
na ga wani ɗan tsoho ƙanƙane, da hula,
yana leƙo ni.
Na ce masa, tafi ka huta.

Na sauko, na shimfiɗa kwali,
na ce yau barcin masu gida zan yi.
Ƙarfe biyu na farka a zaune,
tocila a hannu,
ina rufe baki kada a ga na yi hamma.