Ƙofa ta Dubu Biyar

Mushe Jadi ya rubuta a allo da guntun alli:
"Ku gina ɗakin hira. Mai masauki ɗaya, baƙi ko nawa.
Sati biyu." Ya karkaɗe hannu ya fita.

Na koma Bagalam da tsohuwar kwamfutar kawuna,
wadda harafin M ɗinta sai an danna da ƙarfi.
Daren farko na buɗe ƙofa mai lamba dubu biyar,
na zaunar da mai masauki bakinta yana saurare,
na buɗe wata taga, na zama baƙon kaina.
Na rubuta salamu alaikum.
Ta dawo mini, salamu alaikum.
Ɗari da ashirin da bakwai, sifiri, sifiri, ɗaya:
adireshin mai magana shi kaɗai.
Na yi dariya har Inna ta ɗaga labule.

Ran Laraba Shapi'u ya shigo daga tasa na'urar.
Mai masaukina ya kama hannunsa ya ƙi saki,
Bara'atu na waje tana ta doka sallama,
ba mai amsawa.
Kwana uku na yi, da shayin fada mai ɗaci,
kafin in gane kowane baƙo da nasa zaren.
Na raba zare. Suka shigo tare.

Sai Bara'atu ta rubuta "ƙarya kake",
ƙugiyar ta karye a hanya,
alamar tambaya biyu suka iso a madadinta.
Na koya wa wayar ɗaukar ƙa da ɗa da ƴa.
Ina gamawa kuran ya ɗauke,
ban adana ba.
Na sake, da fitilar salula a baki.

Abin da ya hana ni barci daban ne.
Shapi'u ya zare wayarsa bai yi ban kwana ba,
ya tafi sayen tsire bakin tasha.
Sunansa na nan cikin jeri.
Mai masauki na ta miƙa masa maganar kowa,
yana ajiye masa wuri,
har abin ya yi masa yawa, ya faɗi,
ya tafi da ɗakin gaba ɗaya.

Na tambayi Mushe: yaya ake rarrabe
wanda ya tafi da wanda ya yi shiru?
Ya ce, "Ba a rarrabewa. Ƙwanƙwasawa ake.
Duk daƙiƙa talatin ka aika: kana nan?
In ya kai uku bai amsa ba, ka share sunan."

Layi bakwai ne kacal.
Na zauna gabansu har aka kira assalatu.
Yayana Tsahiru ya hau motar Agadas
shekara huɗu ke nan, neman zinari.
Duk Juma'a Inna na ba ni dala ashirin in sa kati,
ta kira lambar, matar cikin waya ta faɗi abin da ta saba,
Inna ta ce, to, wataƙila caji ne babu.
Kwanonsa na nan bisa randa, a kife.

Na rubuta layukan.
Inda Mushe ya ce uku na sa uku,
don maki nake nema.

Ranar gwaji ya zagayo bayana,
ya finciko wayar Bara'atu ba zato.
Muka ƙirga. Talatin. Sittin. Casa'in.
Allo ya ce: Bara'atu ta fita.
Ɗakin bai faɗi ba, hira ta ci gaba,
Shapi'u na ta aika shirme.
Sha bakwai bisa ashirin.

Da na koma gida na buɗe kwafin da ban kai ba,
wanda babu layukan nan bakwai a ciki.
Na kunna shi, na rage hasken,
na bar ƙofar a buɗe.