Hasken La'asar a Bukhara

Mai kula da gidan, Mohigul, ta ce in tuɓe takalmi,
ta ce ban da walƙiyar kyamara:
fentin rufin nan ya girmi kakanta,
ba ya son a firgita shi.

Na kafa kyamara bisa dardumar da ta koɗe.
Duhu ya cika ɗakin kamar ruwa a randa.
Ta ce, "Jira. Rana na leƙowa ta waccan taga
bayan la'asar, gwargwadon shan shayi kofi guda."

Muka zauna. Ta ɓare rumman da 'yar wuƙa.
A nan aka haife ta, in ji ta,
zamanin da aka raba zauren attajirin da labulaye,
iyali biyar, murhu ɗaya.

Sai hasken ya shigo kamar baƙo mai kunya,
ya taɓa shuɗin furannin bango,
ya hau ginshiƙin da gara ta yi wa rubutu.
Na danna, na danna, numfashina a riƙe.

Ita ko ɗaga kai ba ta yi ba.
Ta durƙusa jikin ƙofa
tana shafa wasu zane-zanen ƙusa:
tsayinta a shekara huɗu, a shida, a tara,
sai na ƙanenta Sanjar
da ya tsaya a uku.

Cikin jirgin ƙasa zuwa Samarkand
na duba hotuna saba'in da biyu.
Rufin ya fito, ruwan zinare ya fito.
Ƙofar kuwa sau ɗaya ta shiga,
can gefe, rabinta a yanke,
da ɗan yatsa guda, ja da ruwan rumman.