Sashe na Tara

Teuvo, tafkin Duluth ya daskare tun shekaranjiya.
Jiragen ruwa goma sha ɗaya na kwance a rumfa
kamar shanun da aka hana fita kiwo.
Na ja durowar nan mai cijewa,
wadda ka ce za ka gyara tun bara waccan,
na zaro takardar.

Shafi goma sha huɗu.
A fuskar na farko akwai tabon gahawa, zagaye.
Gindin kofinka ne, na san faɗinsa.

Ka tuna ofishin lauya Benedetti,
saman shagon mai gyaran agogo?
Ta ce: kamfani kun yi masa rajista,
bashinsa ba zai bi ku gida ba,
ba zai taɓa rufin ɗakinku ba.
To, tsakaninku fa?
Wa ya kawo nawa, wa ke sa hannu a banki,
in riba ta zo, yaushe za a raba,
yaushe za a bar ta ta kwana?

Ka yi dariya har ka ƙware.
Ka ce, ni da Orrin tun muna 'yan shekara tara
ƙugiya ɗaya muke jefa wa kifi.
Ta ce, harshe da haƙori ma ɗaki ɗaya suke kwana.
Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ni dala dubu arba'in na kawo, gadon uwata.
Kai ka kawo rumfar, da injin ɗaga jirgi,
da kunnen da ke jin ciwon inji tun bai yi tari ba.
Aka rubuta: rabi da rabi.
Ta ce, ranar da ƙuri'a ta tsaya ɗaya da ɗaya fa?
Ga shi nan da biro a gefen shafi na shida,
rubutunka mai kama da sawun kaza:
Marlys mai riƙe littafin kuɗi, ita ce raba gardama.

Sau biyu kacal ta raba.
Shekarar da ka so cin bashi ka sayi filin maƙwabta,
ta bi bayana.
Wata uku ba ka ce mini ina kwana ba,
sai dai ka miƙo sufana, idonka na wani wuri.
Na biyun ta bi bayanka, kuma kai ke da gaskiya.
Ban taɓa faɗa maka ba.

Sashe na tara ne ka ƙi karantawa,
wai kiran mutuwa ne da rana tsaka.
In ɗayansu ya rasu,
wanda ya rage ya sayi kason mamaci,
a ɗauko mai ƙiyasi daga waje,
a biya magada cikin shekara biyar.
Ka sa hannu kana kallon taga.

Gobe ɗanka Aksel zai sauka daga Phoenix.
Bai san farfela ba, bai san anga ba.
A waya muryarsa ta yi tauri, ya ce akwai lissafi.
Akwai kuwa.
Ba sai na rantse masa da abotarmu ba,
ba sai ya kwana yana zargin an cuce shi ba.
Zan ture gwangwanin giris gefe,
in shimfiɗa takardar a bencin aiki,
mu bi layi da yatsa, ni da shi.

Tun ran gini, ran zane.
Dala ɗari shida matar nan ta karɓa,
ka yi ta mita har Kirsimeti.

Abin da ba ta rubuta ba:
wa zai riƙe ɗaya bakin tamfol
in iska ta taso daga tafki.
Da kuma kofin nan,
na kamfani ne ko na magada?
Na duba har shafin ƙarshe, babu.
Na wanke shi, na mayar kan ƙusarsa.