Kunnen Aro

Ruwan farko ya sauka daren Talata.
Bai kai na shuka ba,
ya dai ta da ƙamshin ƙasa, ya hana ni barci.
Da asuba na ɗaure littafina a ƙahon keke,
Ladiyo ta ɗare baya, ta riƙe rigata,
muka bar Dass tana hamma,
muka kama hanyar Bununu, ba mai biyowa.

Gonaki a buɗe kamar tafin hannu.
An yi sassabe, an ƙone kara,
toka kwance tsibi-tsibi tana jiran garma.
Dutsen Mbula ya naɗa gajimare a bayanmu.
Ba mota. Sai jaki guda da mangalar taki,
mai shi na biye, yana gyangyaɗi a tsaye.

Shekara talatin ina malamin gona.
Na san ƙuduji tun bai fito ba,
na san ciwon gyaɗa daga launin ganye,
amma ban taɓa ɗaga kai ba.
Sai da na ajiye aiki na ga ashe sama ma gona ce,
da ma'aikatanta, da lokacinta.
Shekarar da ido ya buɗe kuwa,
ita ce kunne ya fara rufewa.

Sai muka raba aiki:
ni da madubin hange mai ido ɗaya,
ɗayan ya fashe tun a hannun mai shi na farko,
ita da kunne biyu sababbi fil, 'yan shekara tara.

"Kaka, tsaya. Ragon maza."
"Ina?"
"Cikin sabara. Kamar ana tsiyaye tulu."
Na duba, ga shi, baƙin kai, jan fiffike,
yana takawa a ƙasa, ya ƙi tashi,
ya ci sunansa.
Na rubuta: ɗaya, bakwai saura kwata.
Ban ji shi ba. An ji mini.

Cilakowa biyu suka tsallaka hanya,
su nutse, su taso, su nutse,
kamar iskar ma an yi mata kunya-kunya.
Fakara ta fashe daga gindin taya,
zuciyata ta bi ta har ƙetaren rafi.
A bakin fadama zakaran ƙeƙuwa na zaginmu,
in ji Ladiyo.
Na ga bakinsa na motsi, na ba shi haƙuri.

Wani manomi ya dogara da fartanya:
"Malam, awon fili ake? Karɓewa za a yi?"
Na ce tsuntsaye muke ƙirgawa.
Ya dube ni, ya dubi yarinyar da tausayi,
ya tofar da ɓawon goro.
Har mun juya, ya ɗaga murya yadda zan ji:
"In haka ne, ku bi ta tsamiyar Bappah Gidado.
Tun jiya baƙin suka sauka."

Shamuwa.
Bakwai, a kan sheƙar bara,
baƙar riga, farin ciki,
ɗaya na juya tsinke a baki
kamar magini da ya dawo ya tarar da zubewa.
Daga wace ƙasa, ta wace hanya, ba ta faɗa ba.
Ladiyo ta karkata kai, ta daɗe,
ta toshe kunne ɗaya, ta sake buɗewa.
"Kaka, wannan ba ta cewa komai."

Na ce, to, yau kam mun yi daidai.
Abin da kika ji shi na ji.

Na rubuta: bakwai. A fito da iri.

A hanyar dawowa rana ta hau,
barci ya kwashe ta, goshinta a bayana.
Na yi ta tuƙi a hankali, ina kauce wa ramuka.
Dama da hagu, kan kara, kan ƙirya, kan waya,
bakuna na buɗewa suna rufewa,
ba mai gaya mini.
Ban tashe ta ba.