Kafin a Saki Laima

Sewanu bai bar ni na kwance jaka ba.
Ya ce, "Zauna tukuna, Tanimu. Teku ba ta gudu."
Muka miƙe ƙafa kan yashin Eleko,
ni tafin hannuna yana ƙaiƙayi,
shi idonsa na kan tsumman da mai kwakwa ta ɗaura a kan gora.

Na ce, "Na san ruwa fa. A Yawuri aka yanke mini cibiya."
Ya yi dariya har haƙorinsa na makka ya fito.
"Koginku gaɓa biyu gare shi.
Wannan guda ɗaya ce tak, kuma kana zaune a kanta."

Ya ɗebi yashi, ya buɗe hannu.
"Dubi inda ya nufa.
In ya bi teku, mu koma gida mu sha gari.
Iskar da ta fito ta bayanka
za ta kai ka can inda jirage ke layin shiga Apapa,
kuma jirgi ba ya jin ihu.
In ta mare ka a goshi kai tsaye,
za ta ja ka ta yi guga da kai
har cikin rumfar mai gasa kifi.
Wadda muke jira ta gefe take zuwa,
ta taɓa kunne ɗaya, kamar mai kawo tsegumi."

Muka tashi, allo a hammata.

Wuri na farko, faɗi kamar filin idi.
Ya nuna sama da leɓe: wayar lantarki,
ta yi ciki tsakanin turaku biyu.
Na biyu, bayan wani otel mai hawa huɗu
inda iska ke tuntuɓe, ta faɗi, ta tashi a fusace.
Na uku, masunta goma sha ɗaya suna jan taru,
igiyarsu kwance a ruwa, ba ta ganuwa sai ta sarƙe ka.
Ya gaishe su da Egun, suka amsa ba su juyo ba.

Can gaba na ga inda ruwa ya kwanta,
wani zirin duhu, santsi, babu kumfa.
Na ce, "Ga shi!"
Ya jefa ɓawon kwakwa.
Muka tsaya muna kallo yana tafiya,
ba sauri, ba waiwaye,
har ya zama ɗigo, har ya zama babu.
Bai ce mini komai ba.
Rigarsa kawai ya ɗaga, na ga tabo
daga kafaɗa zuwa haƙarƙari,
aikin ƙarfen wani tsohon jirgi da yashi ya binne rabinsa.

Sai wajen la'asar muka samu.
Ya sa na ƙirga taku: tsawon igiya, sannan biyunsa,
babu bishiya, babu doki mai ɗaukar 'yan yawon buɗe ido,
babu yaro mai gina gida da yashi.
Na tsince fasassun kwalabe bakwai da takalmi wari ɗaya.
Ya ce, "Yanzu nuna mini inda za ka fito
in igiya ta tsinke."
Ban taɓa tunanin fitowa ba.
Na nuna. Ya girgiza kai. Na sake nunawa.

Ina hura laima, baƙin hadari ya ɗago daga gabas.
Sewanu ya zare toshiyar, iskar da na tara ta fice da tsaki.
Ni ma na yi nawa.

Asabar ta uku aka sake ni.
Ya riƙe laimar a gefen iska, ya jira babban yatsana.
Na duba hagu, na duba dama, na duba bayana,
na lasa gishiri a leɓe,
na ɗaga.
Ja-da-rawaya ta hau a hankali, kamar mai gudun tada barci,
igiya ta ɗauki nauyina daga ƙugu,
kuma kafin ruwa ya kai mini gwiwa
na sake waiwayen tsumman nan na kan gora.
Yana nan, yana nuna inda ya nuna ɗazu.