Lissafin Daren Asabar

A bayan takardar kuɗin wuta Balki ta fara rubutu,
ni ina haska mata da salula,
don wutar da muka biya ta tafi tun magariba.
Gobe Lahadi, baje koli a bakin garin Tawa.
Mu shida ne, in an ƙirga da Baba.

Jaka bakwai, in ji ta.
Na ce takwas.
Ta ɗago kai: ina ta takwas ɗin?
Na ce tana hannun Sahabi mai faci, ya ce da safe.
Ta rubuta bakwai.

Adaidaita ɗaya ya isa in yara sun hau cinya.
A dawowa, wanda Allah ya ba ƙafa ya taka.
Na ce mu yi sammako.
Ta ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri,
amma tunda wurin ya gaza, to mu yi sammakon.

Tsahara lilo take so, mai juyawa sama,
wata ƴar ajinsu ta rantse mata
daga ƙolinsa ana hango rufin lakwal.
Arzika ya ce kilishi,
da ragon nan da ake cewa ya kai jaki tsawo.
Haule ba ta san me ake shiryawa ba,
ta dai ji kowa na so, ta ce ita ma.
Aka rubuta mata balan-balan, ja.

Dambun zogale daga gida, ruwa a cikin kula,
kada ƙamshin tsire ya yi mana sata da rana tsaka.
Lambar wayata a damtsen Haule da biro.
Wanda ya ɓace, rumfar masu albasar Galmi,
ko ido bai gan ta ba, hanci zai kai shi.

Balki ta ce za ta leƙa wajen kekunan ɗinki.
Tambaya kawai, in ji ta, tambaya ba saye ba.
Shekara uku ke nan tana tambaya.
Na kau da hasken daga fuskarta.

Baba daga tabarmarsa ya ce shi ba ya zuwa.
Me zai gani? Shanun wasu?
Shi da ya kora arba'in zuwa rijiya da bakinsa kaɗai,
kafin shekarar da ya sayar da ta ƙarshe
a kan buhun hatsi biyu.
Muka yi shiru. Sauro ya karɓi zancen.
Can sai ya yi gyaran murya:
jajayen nan na Azawak,
ta wace ƙofa ake ajiye su?

Kai fa? in ji Balki. Ban ga sunanka ba.
Na ce shayi.
Ta rubuta dala talatin,
ta ja layi, ta tara, ta sake tarawa.
Saura dala goma. Ta zagaye ta da biro
kamar mai yi wa ɗan tsako shinge.

Sai gabas ta yi walƙiya.
Tsahara ta ce, Abba, ka roƙa kada a yi ruwa gobe.
Yaya zan gaya mata?
A ƙasar Adar ba a buɗa baki a kan ruwa
alhali gero yana naɗe ganye a gona.
Na ce mu roƙa a yi shi yanzu,
ya gama aikinsa kafin asuba.
Ta yi tunani, ta ce amin, ba da ƙarfi ba.

Yara sun yi barci da takalma a kusa da kai.
Balki ta soke takardar a ƙarƙashin matashi.
Na fita in rufe ƙofar gida,
na iske Baba zaune a duhu,
shi da ba ya zuwa,
da ɗan man shanu a tafin hannu
yana shafe tsohuwar sandarsa ta kiwo.