Ƙusoshi Bakwai

A bangon ɗakin Baba a Kakuri
ƙusoshi bakwai ya kafa da hannunsa,
ya naɗe kan kowace da tsumma
don kada tsatsa ta ci masa malfa.
Shida na ɗauke da kaya har yau.
Ta bakwai, babu komai.

Ba malfar kaba ta zuwa gona nake nufi ba.
Ta gashi ce, mai lotsawa a tsakiya
kamar an tsunkule ta da yatsu uku,
mai ɗamarar baƙin ƙyalle,
leɓenta na gaba a sunkuye
kamar mai gaida surukai.
Barau ɗan Tanimu, akawun reluwe,
bai taɓa shiga tasha kai ba malfa ba.

Ruwan toka ta Litinin ce.
Ruwan makuba sai ran albashi.
Baƙar, tun daga Ikko wani direban jirgi ya riƙo masa,
wata uku yana biyan kuɗinta.
Ran Juma'a duk su huta a bango,
kube ta karɓi aiki.

Iya Kande takan tsaya bakin ƙofa, riƙe da ƙugu:
"Mutum da kai ɗaya, hula bakwai!
Ni ko inda zan rataye faifai ban samu ba."
Shi kuwa buroshi na hannunsa,
yana bi daga hagu, a hankali,
kamar mai shafa wuyan doki.

Ya ce min, a leɓe ake kama ta,
mai kama ta a ka shi ke karya mata ƙashi.
In za ka ajiye a tebur, kwantar da ita rigingine,
kamar ƙwarya mai jiran ruwan sama.
In ta lanƙwashe, tururin butar shayi ne maganinta.
Agusta na kamawa, garu ya fara zufa,
sai a sauko da su ɗaya bayan ɗaya,
a cusa musu tsohuwar jarida a ciki,
ƙwayar kafur biyu, a rufe kwali,
a ɗora bisa kabad, nesa da funfuna da asu.

Ta bakwai, iskar hadari ce ta fizge ta
yana bisa keke a tsakiyar gada.
Ya tsaya yana kallo, kogin Kaduna na juya ta
har ta sha kwana.
Ya dawo gida, sanƙonsa jiƙe da ruwa,
ya ce, "To, yau wani kada ya zama akawu."
Iya ta ɗauko guduma za ta cire ƙusar,
ya ce, "Bar ta. Wurinta ne."

Bana, daminar farko da babu shi,
ni na hau kujera na sauko da su.
Na ɗaga fatar cikin ruwan tokar don in goge,
sai ga takarda a nannaɗe, siririya,
zagaye da bakin, ninki huɗu.
Na duba ruwan makuba: ninki shida.
Ashe kan ne ya yi ta ramewa,
yana ta ciko a ɓoye
don kada malfa ta rufe masa ido,
don kada mu gani.

Na mayar da takardun yadda na same su.

Ɗanliti, ɗana, yana roƙon baƙar,
wai zai ɗauki hoto da abokansa a Gamji.
Na ce ya wanke hannu tukuna.
Ya miƙa yatsu zai cafke ta a ka,
na ji murya ta fito daga bakina, ba tawa ba:
"A leɓe, yaro. A leɓe."

Jiya na shigo da makullin mota a hannu,
ina neman inda zan rataye.
Na kai hannu ga ƙusa ta bakwai,
na tsaya,
na mayar da shi aljihu.